Amsa: sama zafi, ƙasa sanyi a gidan bene

Malam, ka ce ɗakunan sama sun koma kamar tanda, alhali falon ƙasa na da daɗin zama, har kana tunanin sayen na'urar sanyaya ɗaki mafi girma. Don Allah dakata tukuna, kada ka zubar da kuɗinka.

Iska mai zafi sama take tashi, mai sanyi kuma ta gangara, matakalar bene ce hanyarsu duka biyun. Amma babban mai laifin rufi ne. A watan Afrilu zafin Kano kan haura digiri 40, kwano ya wuni yana shan rana, zafin ya taru tsakaninsa da silin, babu mafita. In rufin kankare ne abin ya fi muni, domin yana riƙe zafi ya yi ta sakinsa har tsakar dare. Ɗora tafin hannunka a silin bayan la'asar, za ka ji da kanka.

To daga nan za ka fara. Sa kafinta ya buɗe kafofin iska a gefe biyu na cikin rufin, ya sa musu raga saboda jemagu da tsuntsaye. In da hali, a shimfiɗa abin tare zafi a bayan silin, a shafa wa kwanon farin fenti. Tagogin yamma kuwa a sauke musu labule mai kauri tun azahar, dare ya yi a buɗe gefe biyu iska ta ratsa.

Ka kuma ciro ragar na'urar taka ka wanke, ƙurar hunturu na toshe ta sosai.