Tambayi Likita: 'yar shekara bakwai ta fara ƙirgar dangi

TAMBAYA: Likita, barka da aiki. 'Yata shekararta bakwai da wata biyu, amma ta fara ƙirgar dangi, ga gashi ya fito mata a hamata. Maƙwabciyata ta ce akwai allurar da ke tsayar da balaga, in nema a kemis. In saya?
Wata uwa daga Aboabo, Kumasi.

AMSA: Hajiya, a dakata da maganar kemis tukuna. Balagar da ta zo wa mace kafin shekara 8, ko namiji kafin 9, lallai ta yi sammako. Sai dai allurar nan, leuprolide ko triptorelin, tana aiki ne kawai idan ƙwaƙwalwa ce ta ba da umarnin da wuri. In ƙari ne a ma'ajiyar ƙwai, ko man shafawar manya mai sinadarin mata da ake goga wa yarinya, an yi asarar kuɗi, cutar kuma tana nan.

Ki kai ta wurin likitan yara a babban asibiti kamar Komfo Anokye, ki riƙe katin awonta da duk man da take shafawa. Za a ɗauki hoton ƙashin hannunta na hagu a ga ko ya girme ta, a auna LH da FSH, wato sinadaran da ke tayar da balaga, a jini, a duba mara. Namiji, ko yarinyar da ba ta kai shekara 6 ba, akan ƙara da hoton ƙwaƙwalwa na MRI. Wasu yaran ma sa ido kawai ake yi na wata shida.

In an yanke shawarar farawa, ki faɗa wa likita ko tana da farfaɗiya. Allurar ta wata-wata ce ko ta wata uku, kuma a makonnin farko takan zaburar da jiki kafin ta kwantar da shi, har a ga ɗan jini. Ba abin tsoro ba ne. Wurin allura kan kumbura. Amma ciwon kai mai tsanani da amai ko gani biyu-biyu, wannan na komawa asibiti ne a ranar.

Inda iyaye suka fi faɗuwa shi ne tsallake ranar allura: balagar sai ta dawo. Don haka a lissafa kuɗin shekaru uku zuwa huɗu tun yanzu, domin akan daina ne idan yarinya ta kai wajen shekara 11. Wasu nau'o'in kuma sai a firij, ki tambayi mai ba da magani yadda za ki yi ranar da aka ɗauke wuta.