Amsa: Idan ban ji shi a zuciyata ba, mun rabu ke nan?

'Yar'uwa, kin tambaya ko haɗin mai bi da Yesu Almasihu ya yanke idan addu'a ta zama bushasshiya, zuciya kuma ba ta jin komai. Bai yanke ba. Haɗin nan aikin Ruhu Mai Tsarki ne, wanda yake zaune a cikin mai bi tun ranar da ya ba da gaskiya, ko an ji daɗi ko ba a ji ba. A Yahaya sura 15 Yesu ya kira kansa itacen inabi, mu kuma rassa, ruwan da ke rayar da reshe kuwa ta ciki yake bi, ido ba ya ganinsa.

Sharaɗin dai shi ne ki zauna a cikinsa. Shekarar da mahaifiyata ta rasu a nan Kumasi, na yi wata huɗu ina zuwa sujada daga unguwar Aboabo, bakina yana waƙa, cikina fayau. Wani dattijo a ikilisiyarmu ya nuna mini mangwaro mai aure a tsakar gidansa, inda aka ɗaure reshen da leda. Ya ce makonni yake yi kafin ya kama, kuma mai kwancewa kullum don ya duba shi ne yake kashe shi. Na ci gaba da karatun Littafi Mai Tsarki da cin Jibin Ubangiji (gurasa da ƙoƙon da muke karɓa don tunawa da mutuwar Yesu) a hakan, sai wajen Ista, bikin tashin Yesu daga matattu, na iya yin kuka a addu'a.