Ga mai neman wasan da zai shiga fatar dabbar daji

Ɗan'uwa, tun jiya da daddare na ga tambayarka. Ka ce a wasannin kwamfuta ka gaji da na ƙwallo da na harbe-harbe, kana son wanda kai ne dabbar, kana cikin dawa, kuma laftof ɗinka ba wata mai ƙarfi ba ce. Na yi shiru in ga ko wani zai ambaci wanda ke raina, sai na ga kusan kowa na waya yake turo maka. To bari in sa baki, don na daɗe a wannan harka.

Ka fara da Shelter. Wani ƙaramin kamfani na Suwidin mai suna Might and Delight ne ya fitar da shi a 2013. Kai ce uwa (ka yi haƙuri, haka wasan yake), wata dabba dangin dage mai zama a rami, da 'ya'ya biyar suna bin ka a baya. Babu rubutu, babu mai yi maka bayani, babu ma'aunin jini a saman allo. In yunwa ta kama ɗa, launin gashinsa ne zai fara koɗewa, da haka za ka gane wa ya fi bukata. Sai ka tono saiwa, ko ka tunkuyi bishiya 'ya'yanta su faɗo, ko ka kamo kwaɗo, ka kai bakinsa ka ajiye kafin mai haɗama a cikinsu ya riga shi.

Ranar da na fara yi an ɗauke wuta, ina zaune a tabarma da sauran caji kaɗan, 'yar yayata mai shekara tara ta jingina da kafaɗata tana kallo. Muka iso wani fili da babban tsuntsu ke shawagi. Ba tsuntsun kake fara gani ba, inuwarsa ce ke ratsa ƙasa. Duk wanda ya taso a gidan da ake kiwon kaji ya san wannan inuwa, ya san yadda kaza ke yi in shirwa ta gilma. Dabarar ita ce ka laɓe a doguwar ciyawa, inuwar na wucewa ka ruga zuwa ta gaba. Na ruga, na isa, na juyo ina ƙirga: ɗaya, biyu, uku, huɗu. Yarinyar nan ta ce, "Kawu, ina ƙaramin?" Ban da amsa. Wasan bai tsaya ba, bai rubuto min cewa na faɗi ba, bai ba ni damar sakewa ba. Haka muka ci gaba da huɗu, kuma har muka kai wurin ambaliya da wurin gobarar daji ba ta daina ƙirga min su da yatsa a kan allo ba. Awa biyu ta isa ka gama shi, kuma tsohuwar kwamfuta ma tana ɗauka, don zanensa ba na kwaikwayon zahiri ba ne, kamar an yayyanka atamfa an lilliƙa.

Na biyunsa, Shelter 2, ya fito a 2015. A nan wata kyanwar daji ce kai, mai tsinin kunne, da 'ya'ya huɗu, kuma filin a buɗe yake, ka nufi inda ka ga dama. Farautar zomo ce yawanci, gudu yana cin ƙarfi, in ka ɓata shi a banza yara su kwana da yunwa. Abin da ya burge ni shi ne wadda ta rayu cikin 'ya'yanka za ka iya ci gaba da ita a zagaye na gaba, zuri'a tana tafiya. Amma ni dai na farkon ya fi kama min zuciya. Akwai na uku na giwaye, na 2021, wanda ban wani daɗe a kansa ba.

In kuma so kake ka san yadda dabba ke rayuwa da gaske, babu kamar WolfQuest. Asalinsa ma don ilimantarwa aka yi shi: gidan namun daji na Minnesota a Amurka da kamfanin Eduweb ne suka fitar da shi a 2007, aka sake gina shi daga tushe aka fito da Anniversary Edition a 2019. Dajin Yellowstone na Amurka ne filin wasan, inda aka taɓa ƙarar da kyarketai gaba ɗaya, sai a 1995 aka kawo wasu daga Kanada aka sake su. Za ka fara a matsayin matashin kyarkeci ɗan shekara biyu da ya bar garkensu. Ka koyi farauta, ka nemi abokiyar zama, ku kama yanki, ku zaɓi rami, ku haihu.

Farautar ce ta koya min hankali. Abincinka elk ne, wata ƙatuwar dabba dangin barewa. Ranar farko na afka wa wani jibgegen namiji ina ganin ai ni ne kyarkeci, ya yi ta harbina da ƙafa har na koma ina ɗingishi. Daga baya na gane sai ka kora garken ka lura da wadda ke ja da baya, tsohuwa ko mai rauni, ita za ka bi. Akwai maɓallin da ke nuna maka duniya ta hanci, ka ga warin kowace dabba yana tashi a iska. Ka sha wuya ka kayar da nama, sai beyar ta zo ta zauna a kai, kuma ba abin da za ka iya sai kallo daga nesa. Yankinka da fitsari da kuka kake tsare shi, in ka yi sakaci maƙwabta su ci iyaka. 'Yan ƙanana kuwa amayo musu naman da ka ci kake yi. Sai dai sabon yana son kwamfuta mai ɗan ƙarfi, ka duba abin da yake bukata kafin ka kashe kuɗinka da datarka.

Endling: Extinction is Forever, na kamfanin Herobeat da ke Sifaniya, ya fito a 2022, kuma shi akwai shi a waya. Uwar yanyawa ce ta ƙarshe a duniya, an sace mata ɗa guda, tana fita da dare neman abinci da sauran ukun, ta koma rami kafin gari ya waye. Dajinsa ba irin wanda kake nema ba ne sosai, don kullum ka fito za ka tarar an ƙara sare bishiyoyi, shara ta ƙaru, rafi ya gurɓace. Ya ci kyautar BAFTA, wata babbar lambar yabo ta Birtaniya, a 2023. Yana da kyau, amma kar ka yi shi ranar da ranka ke ɓace.

Wani cikin masu amsa maka ya ambaci Ancestors: The Humankind Odyssey na 2019. Gaskiya ne daji ne na sosai, Afirka ce shekara miliyan 10 da suka wuce, kana wani irin biri kana tsallen rassa, kada a ruwa, mesa a ƙasa. Ka dai sani an gina labarinsa a kan ra'ayin masana kimiyya na juyin halitta, wasu ba sa son wannan. Ban da haka yana da wuyar sha'ani, kusan komai da kanka za ka gano, kuma laftof ɗin da ka kwatanta ba za ta ja shi ba. Maneater kuma, na kifin shak, nishaɗi ne kawai, cinye-cinye da ɓarna, har kifin ya koma yana fitar da lantarki.

Wannan ne ma ya raba ni da yawancin na waya da ake turo maka. Na sauke sun fi goma. Za a ba ka zaki, ka kashe barewa ashirin ka hau mataki, can sai ga zakinka da fukafukai ko sulke, talla na katse ka duk bayan minti biyu. Zakin ba ya jin yunwar da za ta dame ka, ba ya tsoron komai. Mutum ne kawai aka sa wa gashi. Yara suna jin daɗinsu, ban hana ba, amma kai da ka ce dawa kake so, kwana biyu za ka goge.

Shelter da WolfQuest duk suna Steam, kasuwar sayar da wasannin kwamfuta ta intanet, kuma ana yin babban rangwame wajen ƙarshen Yuni da kuma ƙarshen Disamba, in ba sauri kake ba ka jira lokacin. Ka sa abin ji a kunne in za ka yi Shelter, musamman wurin da dare ya yi, don da kunne za ka san abin da ke zagaye ku. Ka turo min girman RAM ɗin laftof ɗin da irin katin hotonta, sai in faɗa maka ko za ta ɗauki kyarkecin.