Wa ya ce gaskiya na ɗaura takalmi?

Kai yaro, ajiye wayar nan ka dube ni. Ka ce ka tuna rabin wata maganar raha, wai ƙarya kan zaga rabin duniya kafin gaskiya ta gama ɗaura takalminta, kana son sunan mai ita ka buga a ƙasan kalanda, kuma intanet ta ce maka marubucin Amurka Mark Twain ne. Ba shi ba ne. Sunan nan ya taɓa jefa ni bashin da har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Wani mutum ne ya kawo mini aikin kalanda dubu 3. Da bakinsa ya karanto mini maganar, ya ce in sa Twain. Na tambaye shi sau biyu, ya ce in buga kawai, ai ya fi ni karatu. Ɗan kafin alƙalamin da ya bayar ko tawada bai saya ba, takarda kuwa bashi na ɗauko. Kwana 4 inji bai huta ba. Ranar ɗaukar kaya sai ga shi da wani abokinsa, abokin ya leƙa ya ce ai tsohon firaministan Birtaniya Churchill ne ya faɗa, kuma wando ya ce, ba takalmi ba. Nan take mutumin ya rantse bai taɓa ambaton Twain ba. Ba ni da rubutunsa, ba ni da sa hannunsa. Bayan mako 2 na ga tsarina, kala da kala, an buga masa a wata maɗaba'a mai arha. Dama mafita yake nema. Wata 8 na yi ina biyan mai takarda.

Haushin nan ne ya sa na bi sawun maganar. Twain ya rasu a 1910, sai a 1919 aka fara liƙa masa ita. Tun 1855 Spurgeon, wani mai wa'azi a Landan, ya kawo ta, kuma shi kansa tsohon karin magana ya kira ta. A lokacin ko haifar Churchill ba a yi ba, sai 1874. Ka ƙara ja da baya zuwa 1710, za ka tarar wani marubuci mai suna Jonathan Swift ya rubuta cewa ƙarya tashi take sama, gaskiya na biye da ita tana ɗingishi. Babu takalmi a nasa. Shi ya sa ma'ana ake bi, don kalmomi sauyawa suke a bakin mutane, kuma takarda mafi tsufa mai kwanan wata ita ce shaida.

Ku yaran yanzu hoton mutum kawai za ku gani da rubutu a gefe, shi ke nan kun gaskata. Rubuta "tsohon karin maganar Turawa", ka fitar da gwaji ɗaya, mai aiki ya sa hannu a kai kafin ka taɓa farantin buga aiki. Sauran ba sai na koya maka ba. Tashi ka wanke inji.