Tambaya da Amsa: Sigar umarni a Helenancin Sabon Alkawari

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni ɗalibi ne a makarantar tauhidi a nan Filato, aji biyu. Zangon farko na Helenanci ban sha wuya ba gaskiya, amma tun da muka shigo su sabjantib da imfaratib da obtatib kaina ya ɗau zafi, tebur kan tebur, na haddace yau gobe ya gudu, ga jarabawa ta matso. Don Allah ta ina zan kama abin nan?

AMSA: Yawwa ɗana, sannu da ƙoƙari. Fara da sanin nauyin kowanne tukuna, don ba daidai suke ba. Sigogi huɗu ne. Indikatib, wato sigar ba da labari, ita ce ka riga ka sani, ta fito sama da sau 15,000 a Sabon Alkawari. Sabjantib, wato sigar abin da zai iya faruwa ko ake so ya faru, wajen sau 1,800 da ɗoriya, imfaratib wato sigar umarni wajen 1,600. Obtatib kuwa, sigar fata, ko 70 ba ta kai ba. To ka ga wanda ya kwana uku yana haddar teburin obtatib ya yi asarar man fitila. Ka riƙe mē genoito kawai, sau 15 ta fito, 14 a wasiƙun Bulus ɗaya a Luka 20:16, ita ce wadda ke Romawa 6:2 inda Bulus ya ce mu ci gaba da zunubi ne don alheri ya ƙaru? Ko kusa! Sauran in ka gamu da su za ka gane su da oi ko ai ko ei a tsakiya.

Abu biyu za su rage maka rabin wahala. Wannan e da ake liƙa wa aikatau a gaba in an shiga awuris, sigar da a indikatib kan nuna abin da ya wuce, kamar elusa "na kwance", indikatib kaɗai ke da ita, da ka fita daga indikatib ta faɗi. Sannan "a'a" kala biyu ce, ou ta indikatib ce, mē ta sauran. Sabjantib kuma ba sabon tebur ba ne, wasali ne aka ja, luomen ya koma luōmen, luete ya koma luēte, kuma yawanci akwai 'yar kalma a gabanta da za ta tona mata asiri, hina (domin) ko ean (idan) ko hotan (duk lokacin da). In ba ko ɗaya kuma "mu" ne ke magana, to kira ne, agapōmen allēlous a 1 Yahaya 4:7, mu ƙaunaci juna. Dielthōmen a Markus 4:35, mu haye wancan ƙetare.

Umarni ma haka. Ƙarshen kalma uku ne ke ta maimaituwa, tō da te da tōsan, in kuma aikin kan mai shi ya koma ko an yi masa ne, sthō da sthe da sthōsan, sai dai awuris na "an yi masa" shi yana bin na farkon ne, luthētō, luthēte. Wanda dole ka haddace shi da ƙarfin tsiya na "kai" ne don shi ba ya bin doka: lue, luson, luou, lusai, luthēti. Biyar ne, ka rubuta a bangon littafinka ka riƙa dubawa.

Ga wani abu da nake so ka lura. Littattafan da kuke karatu da su, irin na Mounce da ya fito a 1993 da na Wallace na 1996, da Turanci aka rubuta su don masu jin Turanci, shi kuma Turanci ba shi da yadda zai umarci wanda ba ya wurin sai ya kewaya da kalmar da ke kama da ba da izini. Shi ya sa za ka ji ɗalibi ya juyo akouetō na Markus 4:9 zuwa Hausa ya ce "bari ya ji", alhali ba wanda ya hana shi ji balle a ce a bar shi. Kai da Hausa a bakinka ba ka da wannan matsalar, mai kunnen ji YA JI, shi ke nan. Yakubu 5:14 ma haka, proskalesasthō, wani ba shi da lafiya a cikinku? Ya kira dattawan ikilisiya. In ka ga tō ko sthō ka yi tunani da Hausa kai tsaye kada ka biyo ta Turanci.

Akwai wurin da tebur ba zai cece ka ba, luete na iya zama "kuna kwancewa" ko "ku kwance", rubutu ɗaya ne sak. Eraunate a Yahaya 5:39, kuna binciken Littattafai ne ko ku bincika? Ni ina ganin labari ne, don aya ta 40 tana zargin Yahudawan da Yesu ke wa magana da ƙin zuwa wurinsa duk da binciken. Yahaya 14:1 kuwa pisteuete, "kuna ba da gaskiya" ko "ku ba da gaskiya", sau biyu ne a jimla ɗaya, masu fassara har gobe ba su daidaita ba. In malaminku ya kawo wannan a jarabawa ka rubuta duka biyun ka faɗi wanda ka zaɓa da dalili.

TAMBAYA: Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ni fasto ne a karkara, Helenancin da na yi ya daɗe. A wani taron fastoci mai koyarwa ya ce umarnin awuris ma'anarsa "sau ɗaya tak har abada", na furezan, wato sigar yanzu, kuma "a ci gaba da yi", in kuma da mē a gaba to "ku daina abin da kuke yi" ne. Ina shirin wa'azi kan Afisawa 5:18, ina so in ce mutanen Afisa mashaya ne shi ya sa Bulus ya ce su daina buguwa. Daidai ne?

AMSA: Ranka ya daɗe Fasto, na gode da ka tambaya kafin ka hau mumbari ba bayan ka sauko ba. Kada ka faɗa. Wa'azin hana buguwa yana nan daram a ayar, amma sharrin da za ka yi wa mutanen Afisa nahawu bai ba ka shi ba.

Ita wannan doka tsohuwa ce kuma tana da tarihi mai ban dariya. Moulton a littafinsa na nahawu na 1906 ya kawo labarin wani bature Davidson da ke koyon Helenancin zamani, bambancin sigogin nan biyu ya ɗaure masa kai, har ranar da ya ji wani abokinsa mutumin Girka ya daka wa kare mai haushi tsawa da sigar furezan, sai ya ce ashe "daina" ke nan. Daga nan magana ta shiga littattafan makaranta ta yi ta yawo har ta iso taronku. Kuma ba ƙarya ce zalla ba, akwai inda ta yi daidai, a Luka 7:13 Yesu ya ce wa gwauruwar Nayin mē klaie, tana cikin kuka ne, to daina kuka ne. Amma mun san tana kuka ne daga labarin, ɗanta tilo ake ɗauke da shi za a kai kabari, ba ƙarshen kalmar ne ya gaya mana ba.

Buɗe Markus 13:21. In wani ya ce muku ga Almasihu nan ko ga shi can, mē pisteuete, kada ku gaskata. Furezan ne da mē. Abin bai ma faru ba tukuna, me za su daina? Sai ka juya Matiyu 24:23, magana ɗaya ce, amma shi mē pisteusēte ya rubuta, awuris. In dokar nan gaskiya ce to Markus ya ce daina Matiyu ya ce kada ku fara, a kan zance guda. Kuma marubutan nan in suna son su ce daina ba sa rasa kalma, suna da mēketi. Duba Afisawa ɗin da ke hannunka, 4:28, ɓarawo mēketi kleptetō, kada ya ƙara sata. Bulus ya san kalmar sarai, ya sa ta a sura 4, bai sa ta a 5:18 ba.

Batun "sau ɗaya tak" kuwa ya ma fi rauni. Tun 1972 wani malami Frank Stagg ya rubuta maƙala yana kukan yadda masu wa'azi ke zaluntar awuris, amma har yau ana yi. Ga ayarku ta fastoci, 2 Timoti 4:2, kēruxon ton logon, yi wa'azin Maganar. Awuris ne fa. To Timoti ya yi wa'azi sau ɗaya ya koma gida ke nan? Alhali ayar da kanta ta ce da lokaci da ba lokaci. Yahaya 15:4, meinate en emoi, ku zauna a cikina, shi ma awuris, zama kuwa ba abin minti ɗaya ba ne. Ta ɗaya gefen kuma Markus 2:11, ga shanyayye a kwance, egeire, aron, hupage, tashi, ɗauki shimfiɗarka, tafi gida. Na farko furezan, na biyu awuris, na uku furezan. Ba wanda zai ce nufin Yesu shi ne yi ta tashi kana yi ta tafiya. Akwai aikatau da kawai sun saba da siga ɗaya, musamman na tafiya da motsi, kuma nahawu ba ya faɗa da sabo.

To menene bambancin, tunda akwai shi? Yadda masanan nahawu Porter a 1989 da Fanning a 1990 suka shimfiɗa maganar, duk da su ma ba su jitu a kan komai ba, shi ne bambancin yana wurin yadda mai magana ya kalli aikin ne, ba yadda aikin yake a zahiri ba. Awuris ya ɗauke shi dunƙule, a yi, bai ce komai kan tsawonsa ko sau nawa ba. Furezan ya kalle shi yana gudana, shi ya sa ya fi yawa a gargaɗin zaman yau da kullum irin na wasiƙu. Misalin da na fi so yana cikin Addu'ar Ubangiji. Matiyu 6:11 ya ce dos, ka ba mu, ya haɗa da sēmeron, yau. Luka 11:3 ya ce didou ya haɗa da kath hēmeran, kowace rana, wato ka riƙa ba mu. A nan sigar da kalmar da ke gefenta sun tafi tare, shi ya sa za ka iya faɗa da ƙarfi. Haka 1 Tasalonikawa 5:17, adialeiptōs proseuchesthe, "ba fasawa" ɗin a rubuce yake a fili. In ka samu irin wannan shaida a ayar ka sa "riƙa" ko "dinga" ko "daina" hankalinka kwance, in ba ka samu ba ka bar shi a "ku yi" ko "kada ku yi".

Afisawa 5:18 ɗin kuma akwai abin wa'azi da ya fi wanda ka yi niyya. Plērousthe, a cika ku da Ruhu, umarni ne amma a sigar wanda ake yi wa aiki, kuma ga jama'a aka faɗa ba mutum ɗaya ba, sannan ayoyi 19 zuwa 21 suka jero abin da ke biyo baya, magana da juna cikin zabura da waƙoƙi, godiya, yi wa juna biyayya. Wannan zai ishe ka Lahadi guda har da saura.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Ni 'yar zumuntar mata ce, ban yi boko mai zurfi ba. Ɗana ya dawo hutu daga makarantar Baibul yana ce mini wai a Helenanci Addu'ar Ubangiji duk umarni ce, wai muna ba Allah oda ne. Abin ya dame ni.

AMSA: Mama lafiya lau, ki kwantar da hankalinki, yaron ya karanta rabin shafi ne ya rufe littafi. Sunan sigar ne "umarni" a aji, amma da ita ake roƙo. Bartimawas makaho da ke bara a bakin hanyar Yariko ya ɗaga murya ya ce eleēson me a Markus 10:47, ka ji tausayina, siga ɗaya ce da ta addu'ar, kuma ba wanda zai ce mai bara ya ba Yesu oda. Ke ma in kin ce Ubangiji ka ji ƙanmu haka kika yi da Hausa. Wanda ke magana da wanda ake yi wa su ke nuna oda ce ko roƙo. Kuma ki ce ya sake dubawa, ba duka ba ne ma, "kada ka kai mu ga gwaji" mē eisenenkēs ne, sabjantib, don in za a hana "kai" ko "ku" abu da awuris sabjantib ake ɗauka ba umarni ba. In ya musa ki ce ya nuna miki a littafinsa.

TAMBAYA: Wai gaskiya ne a Matiyu 28:19 Yesu bai ce "ku tafi" ba, cewa ya yi "yayin da kuke tafiya"?

AMSA: Rabi gaskiya ne ɗan'uwa. Umarni ɗaya ne a jimlar, mathēteusate, ku almajirtar. Poreuthentes, tafiyar, fatisiful ne, wato aikatau da ke aiki kamar sifa, mai jingina da babban aikatau na jimlar. Amma Matiyu ya saba sa irin wannan fatisiful na awuris a gaban umarni, in ya yi haka kuwa yakan ɗauki ƙarfin umarnin ne. A 2:8 Hirudus ya ce wa masanan taurari poreuthentes exetasate, ku je ku bincika labarin yaron sosai, ba cewa ya yi in hanya ta biyo da ku ta Baitalami ba. A 2:13 mala'ika ya ce wa Yusufu egertheis paralabe, tashi ka ɗauki yaron da uwarsa ka gudu Masar, aya ta 14 ta ce cikin daren ya tashi ya kama hanya. Saboda haka "ku tafi" da ke cikin Littafi Mai Tsarki na Hausa daidai ne, ba sai an gyara ba.