Tsohon jirgin da ya tare mana mashiga, wa zai cire shi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mai fito ne a Yawuri. Akwai wani tsohon jirgin ƙarfe da ya nutse dab da mashigarmu, mai shi ya yi watsi da shi. Da rani ana ganin bakinsa, da damina ruwa ya rufe shi, sai dai ka ji farfelar injinka ta bugi ƙarfe. Mu yanka shi mu sayar wa 'yan gwangwan?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kada ku taɓa shi. Nutsewa ba ta raba jirgi da mai shi, gobe sai ya ɓullo ya maka ku a kotu.

Wannan aikin NIWA ne, hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida mai hedikwata a Lokoja. Dokar da ta kafa ta a 1997 ta ba ta ikon binciko jiragen da aka yasar da duk abin da ya tare hanya, ta kwashe su. A 2024 ma Kotun Ƙoli ta tabbatar cewa irin waɗannan hanyoyin ruwa na gwamnatin tarayya ne, a shari'ar da aka yi da jihar Legas. Jiragen da suka nutse a teku kuwa aikin NIMASA ne, hukumar kula da sufurin jiragen teku.

Ku rubuta takarda da sunan ƙungiyarku, ku haɗa da hoton jirgin na lokacin rani, ku kai ofishin NIWA mafi kusa. Ku ambaci kututturan da tafkin Kainji ya haɗiye tun 1968, don a ganina sun fi jirgin haɗari. Kafin a zo, ku ɗaure jarka mai launi a kansa saboda baƙin direbobi.