Kan furodusan da ya ce "za ka yi suna"

Ƙanena, tambayarka ta taɓa ni. Ka ce wani furodusa yana so ka ɗaukar masa fim kyauta, wai ladanka suna, har kana tunanin barin hoton biki. Wallahi da irin wannan daɗin bakin aka ci ni.

Nawa a Daura ne, lokacin Sallar Gani. Wani furodusa ne ya ce shirin tarihi zai haɗa kan Rijiyar Kusugu da hawan sarki. Na ari lens, wato gilashin idon kyamara, wajen aboki, na sha mai a mashin da kuɗina, na wuni tsugune cikin ƙurar dawaki, wani ingarma saura ƙiris ya take min ƙafa. Da dare a bakin tasha ya ce in ba shi katin memori, zai kwafa ya maido da safe. Har yau safiyar ba ta yi ba. Can sai ga aikin a YouTube, an rubuta sunan ƙanensa a matsayin mai ɗauka, yaron da ko batir bai iya sa wa kyamara ba! Na kira shi, wai "haba, ai duk ɗaya muke". In na hango shi a Ƙofar Soro ta fadar Sarkin Katsina ranar hawa yana washe baki, raina tafasa yake. Ban yafe ba.

Don haka kar kati ya bar hannunka sai ka kwafa wuri biyu. Kafin alƙalami kuma dole, ko na mai ne, maganar suna a rubuta ta a WhatsApp kafin ka kunna kyamara.

Biki kam kar ka raina shi. Kamu da dina su za su saya maka lens 50mm, kuma a ɗakin amarya mai duhu na koyi haske. Af, in hunturu ya zo, ka daina canza lens a waje, ƙura na shiga ciki.

In fim ne a ranka, fara da gajere naka na kanka, ka tafi hasumiyar Gobarau ta Katsina da sassafe kafin rana ta yi tsauri. Ka sayi makirfo tukuna, mutanenmu na haƙuri da hoto mai dishi-dishi amma ban da murya marar fita. Akwai makarantar koyon fim ta ƙasa a Jos in kana da hali. Kuma ka tambayi waɗanda suka taɓa yi wa furodusan nan naka aiki ko ya biya su.